Saƙon da Na Riƙe Har Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na huta ba. In na fita cefane a tambaye ni, in na je gidan suna a tambaye ni, ɗalibaina ma sai su ajiye biro su ce in ba su labarin garin. Wata ta ce ina atamfarta, wata ta ce yaya teku yake, maƙwabciyata kuma so take ta ji ko da gaske ne a can ana sayar da digiri kamar tumatir. Na gaji da cewa lafiya lau. Zan faɗa sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma ku sani ba yawon buɗe ido na je ba. An riga an yi jana'izar wanda maganar ta shafa, kuma iyalinsa sun yarda in faɗa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Binta, a Unguwar Mu'azu ta Kaduna nake aure, ina da ɗan shago a Nasarawa mai allo da bencina inda nake yi wa 'yan jami'a lesin. Ƙididdiga nake koyarwa, darasin da ya fi kowanne kayar da yara, kuma ina shirya 'yan ajin ƙarshe yadda za su kare kundin bincikensu a gaban malamai. Ba na rubuta wa kowa kundi. Wanda ya zo mini da wannan maganar, ko ɗan waye, ƙofar da ya shigo ita zan nuna masa. Yadda nake aiki shi ne in tsayar da ɗalibi a gaban allo ya yi mini bayani da bakinsa, da ya yi tuntuɓe in ce, "Sake." Ba na ƙara komai a kai. Ya koma farko, in ya kuma yin tuntuɓe ya kuma jin kalmar. Har ta kai yara sun daina cewa Malama Binta a bayan idona, sai Malama Sake. Sun zaci ban sani ba.

Rifkatu tana cikin waɗanda suka fi shan wannan kalmar a hannuna. Mahaifinta, Baba Bulus, mutumin wajen Zonkwa ne, ya yi aikin masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, daga baya ya koma gadi a wani garejin tankoki a hanyar Rido. Da yarinyar ta yi ta neman gurbi a jami'o'inmu ba ta samu ba, ya daure ya kai ta wata jami'a mai zaman kanta a Kwatano, a Jamhuriyar Benin, irin masu koyar da 'yan Najeriya da Turanci. A shekararta ta biyu ta faɗi ƙididdiga, da aka yi hutu ya kawo mini ita da ƙafarsa. Yakan zauna a bencin waje har mu tashi, hularsa a kan gwiwa, in ya ji na ce sake sai in jiyo dariyarsa. Shi kaɗai ne yake kirana Malama Sake a gaban idona, ban kuma taɓa jin haushinsa ba. In ta koma makaranta ta waya muke ci gaba, ta turo aiki, in mayar mata da shi jajur da gyara.

Ya daɗe yana shirin halartar ranar da za ta kare kundinta. Ya yi takardun tafiya, ya ɗinka sabon kaftani, ya saya mata baƙin takalmi rufaffe don an ce da irinsa ake shiga gaban malamai. Ana saura 'yan kwanaki hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki. Bai daɗe a asibiti ba ya rasu.

Da na je gaisuwa, Maman Rifkatu ta ja ni ɗaki ta turo ƙofa. Ta ce ba a faɗa wa yarinyar ba, kuma ba za a faɗa mata ba sai ta gama. Makarantar sau ɗaya take zaman kare kundi a shekara, wanda ya rasa sai baɗi. Baba Bulus da bakinsa, kafin magana ta ɗauke masa, ya ce kada a taso ta. An kai shi mutuware, za a jira ta. An roƙi dangi da 'yan coci kada kowa ya sa hotonsa a waya, ita kuma dama ta goge duk kafafen hira daga wayarta, don dokata ce ga kowane ɗalibi nawa in jarrabawa ta matso. Abin da aka gaya mata shi ne jikin Baba ya motsa, likita ya hana shi tafiya da yawan magana, Malama za ta zo a madadinsa ta ƙarasa shirya ta. Wato an riga an ba da sunana kafin a tambaye ni.

Raina ya ɓaci, ban kuwa ɓoye ba. Na ce ubanta ne, hakkinta ne ta sani. Mu a wajenmu in an rasu da safe kafin la'asar an rufe, ba mu saba riƙe irin wannan magana a ciki ba. Na ce ga ƙannen babanta, ga fasto, me ya sa sai ni? Ta ce duk wanda ta aika a dangi, da ya hango yarinyar zai fashe da kuka.

"Ke kuwa Malama kowa ya san ki," in ji ta. "Fuskarki ba ta nuna komai."

Har yau ban san ko yabo ne ba. Na kafa sharaɗi ɗaya: ba zan yi ƙarya ba, in ta tambaye ni kai tsaye ko babanta na raye zan faɗa mata. Maman ta ce Allah ba zai sa ta tambaya ba. Ta miƙo mini ƙullin acca, da takalmin a cikin kwalinsa. Maigidana da ya ji, ya ce ba zai bar ni in tsallaka ƙasa ni kaɗai ba. Ya haɗa ni da Hajiya Ladidi, yayar wani abokinsa, 'yar kasuwa mai zuwa Kwatano sarin atamfa da leshi.

Bayan asuba muka hau bas mai zuwa Legas. Hajiya Ladidi irin matan nan ce da ba su san shiru ba. Kafin mu kai Abuja na san sunan 'ya'yanta da na mazajensu da wanda ba ta shiri da shi a cikinsu. Amma fa ta san hanya: inda ake tsayawa sallah, inda bayan gida yake da ruwa, da inda in ka ci abinci za ka yi da-na-sani. Wani mai wa'azi ya miƙe a cikin motar ya yi addu'a da Turanci, ta ce amin. Yana zama mai maganin basir ya miƙe shi ma ya fara da addu'a, ta ce masa amin, har ta sayi ƙulli biyu. A Lokoja ta saya mini kifi, na riƙe shi a takarda har ya huce ban ci ba.

Mun ɗan wuce Okene taya ta fashe, aka sauke mu a bakin titi cikin rana. A nan wayata ta yi ƙara, na ga sunan Rifkatu. Muryarta wasai, tana tambayar inda muke, ta ce ta share ɗaki tun jiya. Sai ta ce yaya na baro jikin Baba. Na ce mata layi ba kyau, in na iso ma yi magana. Layin da gaske ba kyau, amma ba don shi na kashe ba. Hajiya ta dube ni ta ce wannan fuskar ba ta mai zuwa biki ba ce. Ban yi niyyar gaya mata ba, don ina tsoron bakinta, amma abin ya yi mini nauyi, na faɗa. Ta yi salati, ta ce ita a tsakiyar kasuwa aka kira ta aka gaya mata rasuwar mahaifiyarta kamar ana faɗa mata farashin kaya, har yau ba ta son bin wannan layin. Daga nan har Ibadan ba ta ƙara magana ba.

A Agege muka kwana, gidan wata 'yar uwarta. Ɗakin rabinsa dilolin kaya ne, ga zafi, ga ƙarar janareto ta kowane ɓangare. Mutanen gidan Hausawa ne kakanninsu 'yan Kano, amma Hausarsu ta sha Yarabanci har sai na riƙa kasa kunne. Sun karɓe mu hannu bibbiyu, aka kawo amala da miya mai yauƙi, na ci don kada a ce na raina. Washegari muka nufi Seme ta Badagiri. Shingayen jami'an tsaro a wannan hanyar ba su ƙirguwa, mota ba ta gama ɗaukar gudu za a ce a tsaya. Direbanmu ya san kowa da sunansa.

A bakin iyaka aka duba fasfo da katin allurar rigakafi, sannan aka ce a buɗe jaka. Jami'in da ya duba tawa bai taɓa ganin acca ba. Ya kwance ƙullin ya murza a yatsa, ya ce ko yashi ne. Hajiya ta yi masa bayani da Turancin kasuwa, ta ce abincin masu ciwon suga ne, ya yi dariya ya ce mu wuce. Ni kuma garin sauri ban ɗaure ƙullin da kyau ba. Da muka tsaya wajen 'yan canji, waɗanda duk Hausawa ne, na buɗe jaka na tarar acca ta zube, ta shiga kwalin, ta cika takalmin nan. Na zauna a bencin wani ɗan canji ina kaɗe ta, ina sa gefen mayafina ina sharo 'ya'yan da suka maƙale a can ciki. Takardar kuɗin tana manne a ƙasan takalmin, Baba Bulus ko ɓare ta bai yi ba. A nan fuskar da ba ta nuna komai ta ba ni kunya. Na yi kuka sosai, mutane suna wucewa suna kallona. Hajiya ta tsaya ta kare ni da jikinta, ta ce in yi in gama a nan, don can ba dama.

Da muka shiga ƙasar, abin da na fara lura da shi masu acaɓa ne, kowa da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, zemijan suke ce musu. Mata kuma da kansu suke tuƙa babur, da kwalliyarsu da jakarsu, wata ma da goyo, ba mai ko waiwayensu. Na ce a raina da a Unguwar Mu'azu ne da yara sun bi ta da ihu. Fetur a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi, 'yan bumburutunmu ashe ba su yi komai ba. Burodinsu dogo ne kamar rake, ɓawonsa yana yanka dadashi. Da tsakar rana kuma sai gari ya yi tsit, a rufe ofisoshi, kowa ya tafi ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Duk wanda ya yi mini Faransanci sai in ce yauwa, ban san abin da na riƙa amsawa ba. Hajiya ta kai ni ƙofar gidan su Rifkatu, ita ta wuce Zango, unguwar Hausawa, inda take sauka.

Rifkatu ta fito da gudu ta rungume ni, abin da ba ta taɓa yi ba, don tsorona take ji. Ɗakinta ɗaya ne a wani gidan haya da 'yan makaranta suka cika. Ta saya mini buta da sabuwar tabarma, har ta je wajen wani mai shayi Bahaushe ta tambayo shi alƙibla ta yi alama da alli a bango. Wannan alamar ta kusa karya ni tun ban zauna ba. Tana kawo mini ruwa ta ce, Baba ya ji sauƙi?

"Ga saƙonsa," na ce, na miƙa mata kwalin.

Ta sa takalmin, ya ɗan yi mata yawa. Ta yi ta dariya, ta ce haka Baba yake tun tana firamare, sai ya saya da girma wai za ta ƙara tsawo. Ta cusa takarda a gaban, ta yi taku biyu a ɗakin. Ta kira lambarsa don ta yi godiya, a kashe. Ta kira mamanta, aka ce mata likita bai yarda da waya ba tukuna, za a isar masa. Da yamma ta yi mana gwaten acca, ta ce shi Baba ya fi so, in an yi a gida shi ke kankare tukunya. Na tura cokali uku da ƙyar na ce gajiyar mota ce.

Tunda sana'ata ce, na lura da yadda suke nasu lesin. Kusan kowane gida akwai allo da aka shafa da baƙin fenti a jikin katanga, a tsakar gida. Da yamma sai ɗalibai su taru, ɗaya ya tsaya da alli sauran su yi ta yi masa tambaya, in ya gama wani ya karɓa. Malamin lesin shi ke bin ɗalibi gida, ba kamar mu da ake zuwa shago ba. A makarantar su Rifkatu kuma kowane sabon ɗalibi ana haɗa shi da wani na gaba da shi ya riƙa duba karatunsa, wannan ya burge ni. Maki a kan ashirin suke bayarwa, ba ɗari ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kare kundi. Mu a nan ɗalibi ne da malamansa a ɗaki, a rufe ƙofa, ya fito ko yana dariya ko yana share ido. Su a can taro ne kamar ɗaurin aure, iyaye da dangi su cika zaure, a zo da furanni da abinci, a yi wa ɗalibi tambayoyi a gaban uwarsa da ubansa. Sai a lokacin na gane abin da ya sa Baba Bulus ya ɗinka kaftani. Masu cewa ana sayar da digiri kuma, ban san na wasu ba, ni dai wadda na sani ta sha wuya kafin ta kai wannan ranar.

Washegari muka fara aiki a allon tsakar gida. Bincikenta a kan mata masu ƙananan sana'o'i ne da yadda suke ciniki ta waya. Ta tsaya ta fara bayani, ina zaune a kujera da biro a hannu. Ta tsallake yadda ta zaɓo matan da ta yi wa tambayoyi, na ji, na ce ci gaba. Ta ɗauki abin da ta samu a kasuwa ɗaya ta ɗora wa matan ƙasar baki ɗaya, kuskuren da na fi tsana a duniya, wanda a shagona sai ɗalibi ya koma farko ko da ya kai ƙarshe. Na buɗe baki, sai na ga yadda take riƙe alli, irin riƙon da babanta ke yi wa biro in zai sa hannu. Na ce ya yi kyau. A raina ina cewa yarinyar da ubanta ke kwance a mutuware, da wane baki zan tsananta mata? Haka muka yi ranar, haka muka wayi gari muka ci gaba. Duk abin da ta faɗa sai in gyaɗa kai.

Ana gobe za ta shiga, da hantsi, ta zana jadawali a allo ta jera kaso-kaso tana bayani. Ni hankalina yana can Kaduna. Da ta gama na ce madalla. Ta ajiye allin a hankali ta juyo.

"Malama, ki haɗa su. Sun haura ɗari. Da gangan na yi."

Na duba allon, haka ne. Kuskure ne da ko ɗan aji ɗaya ba zai yi a gabana ya kwana lafiya ba.

"Tun da kika zo ba ki ce mini sake ba," in ji ta. "Ko sau ɗaya."

Na san in ta yi tambayar yanzu zan amsa, don na yi alkawarin ba zan yi ƙarya ba, kuma na san in na amsa ba za ta iya tsayawa gobe ba. Shekara guda za ta tafi, da maganar ƙarshe da mutumin nan ya bari. Ta daɗe tana kallona. Ni ma na kalle ta, ban kawar da kai ba.

"Ba zan tambaye ki komai ba," ta ce. "Ke ma kada ki gaya mini komai. Amma in aiki kika zo yi, don Allah ki yi shi."

Ta zagaya bayan gida. Ta daɗe, ina jin ƙarar famfo. Da ta dawo ta wanke fuska, idanunta jajur, ta ɗauki tsumma ta goge allon tas. Na ce daga farko. Ta fara, ta zo wajen zaɓen mata ta yi sauri za ta wuce, na ce sake. Muryata ni kaina ban gane ta ba. Ta koma. Ta ce bincikenta ya tabbatar da halin matan ƙasar, na ce sake. Wallahi tun da nake koyarwa ban taɓa yin aikin da ya ci mini rai kamar na ranar ba. Ban bar mata ko ɗigo ba. Na zama malamin da zai nemi ya kayar da ita, na yi mata tambayar mugunta, na katse ta a tsakiyar magana. 'Yan gidan suka leƙo suna kallona kamar mayya, wata har ta ce da ita a Turanci wannan matar ba ta da tausayi ne? Rifkatu ba ta kula ta ba. Sai da rana ta yi sanyi ta yi bayanin tun daga farko har ƙarshe ban sami inda zan sa baki ba. Na ce ta je ta goge kayanta. Ba wanda ya ambaci Baba a cikinmu.

Ranar, zauren ya cika da iyalan sauran ɗalibai, ana ta ƙamshin turare. A layin gaba an ware kujeru biyu na iyayen wanda zai tsaya. Da aka kira sunanta wani ma'aikaci ya tambaya ina iyaye, ta nuna ni. Na zauna a ɗaya, ina ƙoƙarin kada in kalli ɗayar. Sai ga Hajiya Ladidi ta shigo tana haki, da ƙatuwar kula a hannu. Ashe ta ji a Zango cewa a nan dangi ke kawo abinci, ta ce ba za a yi taro 'yarmu ta tashi ba mai ba ta ko loma ba, ta sa aka yi dafa-duka. Ba ta tambayi kowa ba ta zauna a kujerar nan ta gyara mayafi. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Malamai uku ne a kan teburi, da rigunansu na jami'a. Rifkatu ta tsaya da baƙin kwat da takalmin, ta gaida su, ta gaida jama'a, ta fara. Ta tsakiyar, wata dattijuwa mai tabarau, ita ce mai zafin. Ta tambaye ta da wace hujja za ta ce abin da ta gani a kasuwa ɗaya ya shafi sauran mata. Rifkatu ta ce ba ta ce haka ba, matan da ta tambaya kaɗai take magana a kansu, ta bayyana yadda ta zaɓo su da abin da binciken bai isa ya faɗa ba. Matar ta dube ta ta saman tabarau ta rubuta wani abu. Sai a lokacin na ga ashe gefen zanin Hajiya na damƙe.

Aka fitar da mu duka don su yi shawara, sannan aka dawo da mu, kowa ya miƙe tsaye. Shugaban ya karanta sakamako, ya ce sha shida. Hajiya ta dafe ƙirji ta fara salati, ta zaci cikin ɗari ne. Na raɗa mata cikin ashirin ne, ta ci, ci mai kyau ma. Kafin in rufe baki ta rangaɗa guɗa, duk zauren ya juyo. Rifkatu ta sunkuya ta gode wa malaman, ta karɓi hannun kowannensu.

A waje ana ta ɗaukar hoto da furanni. Hajiya ta buɗe kula 'yan gidan su Rifkatu suka kewaye ta. Rifkatu ta kama hannuna ta ja ni can gefe, inda aka ajiye babura, ƙarƙashin wata bishiya. Ta zauna a kan dakali ta cire takalmin, ta zare takardar da ta cusa a ciki, ta jera su a cinyarta. Ƙafarta ta yi ja a dunduniya.

"Malama, na gama. Yanzu ki faɗa mini."

Tun daga Kaduna nake shirya kalmomin, na jera su a mota, na jera su a bakin iyaka. Da lokacin ya zo duk suka gudu. Na sunkuyar da kai na yi wata 'yar magana a maƙoshi, wai sai haƙuri, wai jikin ne ya yi tsanani, wai Allah ya yi ikonsa. Ni kaina ban ji abin da na ce ba.

Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe.

"Sake," in ji ta.

Na ɗaga kai na kalle ta sosai, na faɗa yadda nake sa su faɗa, a fili, ba tsallake. Na ce babanki, Baba Bulus, ya rasu tun kafin in taso. Shi ya ce kada a taso ki. Ba a rufe shi ba, ke ake jira.

Sai a lokacin ta kifa fuskarta a kan takalmin ta yi kuka, na riƙe ta. Washegari muka kamo hanyar gida tare.

Kun ji abin da na je yi. Atamfa ban sayo wa kowa ba. Teku kuwa an ce yana nan kusa da inda muka zauna, ban je na gani ba.